Ranar da Tohirjon Ya Rufe Gas a Gidan Baba

Kokand, farkon sanyi

Zuwa ga yayana Ravshan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka Gulchehra, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Feruza da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a wannan aiki na Koriya, ya tsare hannuwanka daga injinan masana'anta, ya dawo mana da ku lafiya. Na ba abokin aikinka da ya zo hutu ya kawo maka hannu da hannu, domin abin da ke bakina ba na waya ba ne. Sau da yawa na ɗauki waya zan kira ka, sai in ajiye.

Mu nan muna nan da rai, alhamdu lillahi. Gwiwoyin Inna suna nan yadda ka sani, in sanyi ya shigo sai a hankali, amma ba ta fasa azumin Litinin da Alhamis ba. 'Yata Sevara ta yi tsayi har ta kusa kamo ni, ta kuma iya liƙa gurasa a tanderu ba tare da ta ƙone gashin hannunta ba. An gama tsinkar auduga da wuri bana, mun binne kurangar inabi kafin ƙasa ta daskare. A cikin ƙullin da na haɗa maka akwai busasshen inabi da gyaɗa da safar ulu da na saƙa wa yara tun kaka, lokacin da hankalina yake kwance.

Yaya, na san Inna ta riga ni. Na san ta ce maka mijina Tohirjon ya faɗo daga tsani a wurin aiki, ni kuma aljanu sun taɓa ni. Mijina yana kwance a asibitin lardi, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, haƙarƙarinsa a karye, idonsa na hagu kuma likita ya ce mu haƙura da shi. A tsakar gidan Baba aka yi masa haka, da rana tsaka, Sanjar yana tsaye. Za ka ga na rubuta sunan ɗan'uwanmu haka gatsau, babu Yaya a gabansa. Ba mantuwa na yi ba.

Rabonka da gidan Baba tun rasuwarsa, don haka ko an kai ka ba za ka gane shi ba. Da Sanjar ya ɗauke Inna ya kai ta sabon gidansa, sai ya zuba 'yan haya. Ɗakin Baba, ɗakinmu na mata, madafar Inna, har garken tumaki ya shafe da farar ƙasa ya sa masa ƙofa. Duk mutanen ƙauye ne, mazan suna dako a kasuwa, matan suna wanke-wanke a gidajen abinci, ga yara birjik. Gas kuwa layi ɗaya ne, tun wanda Baba ya ja. Daga jikinsa Sanjar ya haɗa tiyo na roba, irin wanda muke ba lambu ruwa da shi, ya bi da shi ta saman rumfa, ya zura ta taga ɗaki bayan ɗaki. Kowane ɗaki da murhun ƙarfe ƙirar maƙera, babu inda hayaƙi zai fita. Ɗakin Baba ne kaɗai mai bututun hayaƙi, shi ma tattabaru sun yi sheƙa sun toshe shi. Mutanen nan kuma, saboda sanyi, sun liƙe tagoginsu da leda da tsumma, ko iskar allura ba ta shiga.

Ka san aikin Tohirjon a hukumar gas. Kafin sanyi ya kama, sai sun bi gida-gida, musamman gidajen haya, su duba bututu da murhu da mafitar hayaƙi. Inda suka ga haɗari su ba mai gida lokaci ya gyara, in ya ƙi su rufe. Tsohon da ke duba layinmu a da, shayi yake sha a ƙofar gida ya wuce. Bana ya ajiye aiki, layin ya faɗo hannun Tohirjon. Ranar da ya fara shiga gidan ya dawo ya kasa cin abinci. Bai kai maganar ofis ba tukuna, ya bi ta hanyar zumunci. Muka je gaida Inna ranar Juma'a, ya ja Sanjar gefe ya ce masa ya sayo bututun ƙarfe kawai, shi zai zo ranakun hutunsa ya yi aikin da hannunsa, ya fasa bango ya fitar da hayaƙi, ba sai an biya kowa ba. Sanjar ya mayar da abin wasa. Da aka zauna cin abinci ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, ga hancin gwamnati ya iso, kowa ya riƙe tusarsa!” Aka yi dariya, har da Inna. Da Tohirjon ya sake tayar da maganar wani makon, sai ya ce masa waɗannan a hayaƙin kashin shanu aka haife su, gas bai isa ya yi musu komai ba, kuma mijin ƙanwa baƙo ne a gidan surukai, baƙo ba ya leƙa madafa. Tohirjon ya ba shi wa'adi a rubuce kamar yadda ake ba kowa. Sanjar ya goge maiƙon hannunsa da takardar a gabanmu.

Ranar da ƙanƙara ta fara zuba wa'adin ya riga ya wuce. Tohirjon ya je da safe. A tsohon garken tumaki ya tarar da wata mata, Oydin, mai jego ce ko arba'in ba ta yi ba, ɗanta babba yana kwance yana amai, leɓɓansa sun yi ja kamar an shafa musu rumman. Ta ce masa ai kullum haka suke tashi da ciwon kai, mura ce. Ya fizge ledar tagar, ya fito da yaron waje, ya ce ta kai shi asibiti yanzu-yanzu. Sannan ya fita titi, ya jingina tsaninsa da bututun da ya bi ta saman ƙofar gida, ya hau ya ɗaure makunnin da sifana, ya fara sa masa hatimin dalma. Duk murhunan gidan suka mutu lokaci guda.

Wani ya kira Sanjar. Ya iso da farar motarsa daidai lokacin da mazan gidan suke dawowa, don ƙanƙara ta tashi kasuwa, sun jiƙe, ga yunwa, suka tarar da tukwane sun huce, yara suna kuka. Sanjar ko kallon Tohirjon bai yi ba. Mutanen ya juya ya fuskanta. Ya ce musu su dube shi da kyau, wannan mijin ƙanwarsa ne, gidan suke so shi da matarsa, so yake sanyi ya kore su ya samu ya sayar. Ya ce shi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma in jaririn wani ya daskare a daren nan, ga wanda za su tambaya can a kan tsani. Mijin Oydin, wani ƙato mai suna Ergash, ya fara da roƙo. Ya riƙe ƙafar tsanin ya ce, don Allah malam a buɗe zuwa gobe kawai, jaririyar ko nonon kirki ba ta kamawa saboda sanyi. Tohirjon ya ce masa ba zai buɗe ba, gara su kwana suna rawar ɗari da a wayi gari ana fito da su a miƙe. Ka san shi, bai iya lallashi ba, gaskiya yake faɗa kamar yana jifa da dutse. Ergash ya ce, “Ɗiyata kake yi wa fatan mutuwa?” Ya fizge tsanin.

To ka ji tsanin da Inna take faɗa. Akwai shi, ba ƙarya ta yi ba, sai dai a nan ta tsaya. Tohirjon ya faɗo a kan kafaɗarsa. Kafin ya miƙe suka kama shi ta ƙafa suka ja shi cikin gida, kansa yana bugun dokin ƙofa. Sanjar da hannunsa ya mayar da ƙyaure ya sa sakata, don kada mutanen titi su gani. A gindin rumfar da muke kwana da rani, nan suka rufe shi. Da takalman dako suka tattake shi, a ciki, a baya, a fuska. Wani ya ɗauko itacen da ake tokare ƙofa da shi ya karya a haƙarƙarinsa. Ya yi ƙoƙarin rarrafawa wajen famfo, suka jawo shi baya. Yana ta cewa su duba yaron, su duba leɓen yaron, har bakinsa ya cika da jini maganar ta daina fita. Ergash ya ɗauki bulo daga jikin tsohon tanderun Inna ya sauke masa a gefen fuska. Matan suna ihu a ƙofofin ɗakuna, babu wadda ta matso. Sanjar kuwa yana jingine da ƙyaure, hannuwansa a aljihu. Da ya ga mijina ya daina motsi, ya tako ya sa ƙafa ya juya shi, ya ce, “Tashi mana ka shinshina.”

Wadda ta cece shi Gwaggo Hosiyat ce, maƙwabciyarmu, wadda kake satar mata tuffa kana yaro. Tsohuwar nan da ko tsayuwar salla ba ta iyawa, ta jiyo ihun tana gashin gurasa. Ta ɗebo garwashi cike da shebur, ta ɓullo ta ƙaramar ƙofar nan da ke tsakanin gidajen biyu, ta watsa musu a jiki. Suka tarwatse suna kakkaɓe riguna. Ta kwanta a kansa ta rufe shi da jikinta, tana tsine musu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa Sanjar ita ta yi wa uwarsa wankan jegonsa, da ta sani da ta danne shi a cikin bahon. Ita ta sa aka kira motar asibiti, ita ta kira ni a wurin ɗinki. Duk abin da na rubuta maka a sama, daga bakinta na ji, wanda ta gani ta ramin ƙofa da wanda matan gidan suka faɗa mata daga baya.

Ko da na isa an tafi da shi. Tsakar gidan Baba, Yaya, ƙanƙarar ta koma ja tun daga ƙofa har famfo. Na tsinci hularsa. Na tsinci haƙoransa, na ƙulle a bakin ɗankwalina, ban san me zan yi da su ba. Sifanarsa tana yashe a gindin bango. Ina tsaye a wurin sai na ji tukunya tana tafasa a madafar Inna. Na ɗaga kai, na ga an cire hatimin, an buɗe gas, kowane ɗaki wuta tana ci. Jininsa bai gama daskarewa ba. Na tambayi wata mata ina Sanjar, ta ce ya tafi gidan shayi na bakin magudana, yau ranar dafa shinkafarsu ce shi da abokansa.

Ban tafi asibiti ba. Na ɗauki sifanar na sa a ƙarƙashin mayafi, na taka da ƙafa har gidan shayin. Ka san mace ba ta shiga ɗakin ciki. Na shiga. Suna zaune sun kewaye babban faranti, tururi yana tashi, ana raha. Sanjar ya dunƙula loma kenan, hannunsa yana cikin shinkafa. Ya ɗago ya ce, “Ke, wa ya ce ki shigo nan?” A kan wannan hannun na sauke sifanar, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji ƙarar ƙashi da ta faranti tare. Ya kwarma ihu ya faɗi baya, na bi shi na ƙara masa a ƙashin wuya, na ɗaga zan sauke ta uku a kansa, wani ya riƙe ni ta baya. Na gantsara masa cizo har na ji gishirin jini. Sai da maza suka taru suka danne ni a kan tabarma, cikin shinkafa da shayi da fasassun kofuna, ina ta ihu ina cewa su sake ni in gama. Na kwance bakin ɗankwalina na watsa musu haƙoran a kan abincinsu, na ce ga nama an ƙaro musu. Ba zan ce maka na yi nadama ba, don ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da na gode wa Allah a kai kawai shi ne da ya sa aka riƙe hannuna kafin ta ukun.

Asibiti ɗaya aka kai su, Sanjar a ƙasa, Tohirjon a sama. Inna ta zo, ta zauna a ƙasa, ba ta hau sama ba. A barandar asibiti muka haɗu. Ta fizge mayafina ta shara mini mari a gaban ma'aikata, ta ce hannun da ke ciyar da ita na karya, na tona asirin gidan ubana a gaban maza, ba ta haifi 'yar daba ba. Na ce mata, Inna, hau sama ki ga fuskar uban Sevara. Ta ce shi ya jawo, wa ya aike shi ya kai wa dangin matarsa hukuma. Tun ranar ba ta sake yi mini magana ba.

Washegari abokan aikin Tohirjon suka zo da 'yan sanda, suka yanke bututun gaba ɗaya daga titi suka liƙe bakinsa da wuta. Aka kama Ergash. Sauran mazan suka kwashe iyalansu suka gudu ƙauye, ya rage Oydin da 'ya'yanta biyu, ba ta da inda za ta. Likitan yara ya tabbatar mata gubar hayaƙi ce a jinin ɗanta, ya ce da sun ƙara kwana ɗaya ko biyu a ɗakin nan da sai dai labari. Ta zo asibiti da gurasa a ƙulle, ta durƙusa a gabana tana kuka. Na yi ƙwallo da gurasar, na ce ta ɓace mini da gani. Amma da yamma na kasa zama. Na je gidan Baba ɗauko tsanin ofis, sai na ga hayaƙi yana fita ta ƙasan ƙofar garken tumaki. Na banka ƙofar, na tarar ta kunna kwali da gawayi a cikin bokiti, ta sake liƙe tagar, ta rungume yaran. Na yi waje da bokitin da ƙafa, na zazzage ta tas, na ce wato bai ishe ta ba, idon mijina ya tafi a banza kenan. Na ɗauki jaririyar na yi gaba, dole ta biyo ni. Yanzu suna ɗakin Sevara. Ba son ta nake yi ba, Yaya. Ba ma magana sai ta dole. In na ga tana wanke kwanon da nake dama wa Tohirjon kunu, sai in kau da kai. Amma ba a garken Baba za a fito da gawar yara ba, ina da rai.

Shi kuwa Tohirjon, kada ka zaci ya yaba mini. Da ya ji abin da na yi, ya juya fuskarsa bango. Daga baya, ta tsakanin wayoyin bakinsa, ya ce na ba Sanjar igiyar da zai ɗaure mu da ita. Da tsinken roba yake shan abinci. In ya ji takun takalmi mai nauyi a baranda sai ya kare kansa da hannu, mutumin da ka sani ba ya tsoron kare ko ɗan sanda. Ya ce ko ya warke ba zai sake hawa tsanin kowa ba.

Gaskiyarsa ce game da igiyar. Sanjar ya kai ni ƙara, kamar yadda ni ma na kai shi. Dattawan unguwa sun zauna sun kawo sulhu: in janye maganar Sanjar, shi ma ya janye tawa, a ce Ergash ne kaɗai ya yi komai, Sanjar ya zo rabo ne. Har sun fara zuwa wa Gwaggo Hosiyat da maganar tsufa da rashin gani sosai, ta kore su da muciya. Mai unguwa ya ce mini in na ƙi, ina iya shan ɗauri, in tuna ina da 'ya budurwa. Na ce masa na tuna. Ergash ya ɗauki bulo, zai ɗauki hukuncinsa, ban tausaya masa ba. Amma Ergash tsoro ne ya haukata shi, a kan ɗiyarsa. Wanda ya san gaskiya, aka roƙe shi a gaban uwarsa, ya zuga mayunwata, ya sa sakata, ya tafi cin shinkafa, shi ne za a ce ya zo rabo? Ni na karya masa hannu a gaban shaidu, zan tsaya gaban alƙali in ce ni ce. Shi ma ya tsaya ya faɗi nasa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna za ta kira ka, in ma ba ta riga ta kira ba, ta ce kai ne babba, kai ne a madadin Baba, ka umarce ni in janye. Ina roƙonka don Allah kada ka ba ni wannan umarnin. Tun ina ƙarama ban taɓa tsallake maganarka ba, ba na so in fara yanzu, kuma in ka faɗa, zan tsallake. Na biyu, kana da kaso a gidan nan kamar yadda nake da shi. Ka kira mai unguwa da bakinka ka gaya masa ba ka yarda a sake sa ɗan haya ko ɗaya ba, ba ka yarda a kunna ko ashana ba, sai an ja bututun ƙarfe, an fitar wa kowane ɗaki hayaƙinsa, masu dubawa sun zo sun gani da idonsu. Maganata ba ta da nauyi a wurinsu yanzu, mahaukaciya suke kirana. Taka za su ji. Sanjar, da hannunsa a saƙale a wuya, har ya fara neman wanda zai ja masa layi ta bayan gida.

Zaman kotu makon gobe ne. Na haɗa 'yan kayana a jaka ko da ba zan dawo gida ba. Na koya wa Sevara yadda ake tace romo ya bi ta tsinke, da yadda ake wanke masa idon. Idan abin ya kai ga haka, ka sa Yaya Feruza ta riƙa kiran ta, don yarinyar ba ta kuka a gabana, kuma na san tana yi.

Ka gaida Yaya Feruza ƙwarai, ka shafa mini kan Jasur da ƙaramar Nilufar, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Sevara tana gaishe ku. Gwaggo Hosiyat ta ce in gaishe ka, ta ce ta yafe maka tuffa. Tohirjon na gaya masa ina rubuto maka, ya ɗaga hannu ya dafa ƙirjinsa. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, tunda ba ta yi mini magana, amma uwarka ce, na san tana gaishe ka. In kun yi waya ka tambaye ta gwiwoyinta, ka tuna mata ta riƙa shafa maganin da safe da dare. Ni ce nake shafa mata, yanzu ban san wanda yake yi ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Gulchehra